Tanderun Ummi da Haƙorina

Sabon Gari, Wudil,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda uwa ke yi wa 'yarta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya a duk inda kika buɗe ta, ko a ɗakin Gwaggonki Rabi a Kano, ko a kan hanyarki ta zuwa Legas. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya sauke ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga wurina, alhali yanzu haka bango ɗaya ne tsakaninmu, ina ma jin ki kina fama da akwatin da ya ƙi rufuwa. Dalilin shi ne na san halin bakina. Idan na zaunar da ke, kalma uku zan faɗa, biyu daga ciki faɗa ne. Alƙalami ya fi ni haƙuri, don haka na wakilta shi. Zan sa takardar a ƙarƙashin ledar dambun nama, inda na tabbata hannunki zai kai.

Ina cikin farin ciki, Ummi. Na rubuta shi a sarari ne domin fuskata ba ta iya nuna shi ba. Tun ranar da kika dawo kika ce likitar da ta ɗauke ki aiki a sabon asibitin haƙori ta danƙa miki ɗakin ƙera haƙora, har ta ce ke za ki je Legas ki zaɓo tanderun da za a riƙa gasa haƙoran tangaran a ciki, tun da ke ce za ki tsaya a gabansa kullum, nake ta yi wa Allah godiya a cikin sujada. Amma amana ce aka ɗora miki. Idan kika zaɓi wanda bai dace ba, ba ranar saye za a gane ba, sai haƙora sun fara karyewa a bakin bayin Allah, kuma sunanki za a kira.

Ban san tanderun zamani ba. Abin da na sani shi ne abin da kika bayyana mana a tsakar gida kina nuna mana hotuna a waya. Kin ce ana fara sassaƙa haƙorin da kaki, a binne shi cikin wani farin kwaɓi, a gasa har kakin ya narke ya bar gurbinsa. Sannan a kai shi wannan tanderu tare da ɗan dunƙulen tangaran, tanderun ya zuƙe iskar da ke ciki, ya yi zafi har tangaran ɗin ya yi laushi, ya danna shi a hankali ya cika gurbin. Da kika gama, mahaifinki ya sauke tabarau ya ce, "To, ashe duk karatun nan tukwane za ki gasa, sai dai ƙanana." Kika ce, "Baba, tukwanen da ake tauna nama da su." Kuka yi ta dariya, ni kuwa na tashi na shiga madafa. Ba fushi na yi ba. Maganar tasa ce ta taɓa wani wuri da na daɗe da rufewa, kuma shi nake so in buɗe miki yau.

Kin san sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa muke ce miki Ummi. Kin san ta yi sana'ar ginin tukwane a Indabo, amma ba ki san yawan abin da na ɓoye miki na wannan sana'a ba. Inna da maƙwabciyarta Iya Tabawa tare suke gashi. Ranar Alhamis ake yi, domin a wayi gari Juma'a a kawo kaya kasuwar Wudil. A bayan gari ake shimfiɗa itace, a jera tukwane a kai, a lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu, a cinna wuta da yamma. Tun da wuta ɗaya ce ta gida biyu, akwai ƙa'idar da ba a ƙetarewa: babu tukunyar da za ta hau itace sai ta bi ta kumatun Inna. Takan ɗauki kowace ɗaya ta manna a gefen fuskarta, ta lumshe ido. Idan ta ji sanyi, to akwai sauran laima a cikin yumɓun, sai ta ajiye ta gefe ta jira wani makon. Tukunya mai laima fashewa take yi a wuta, kuma ba ta fashewa ita kaɗai.

Ina 'yar shekara goma sha uku na gina shantali, wato butar ƙasa ta alwala, da hannuna tun daga farko har ƙarshe. Mahaifina na yi wa, ina so ya ɗauke shi zuwa masallacin Juma'a a ce 'yarsa ce ta gina. Gindinsa ya yi kauri, kuma kwana huɗu kawai ya yi yana shan iska. Na manna shi a kumatuna na ji sanyin nan, na san Inna za ta mayar da shi gefe. Sai na kai shi bakin murhu na ajiye, ina jujjuya shi har bayansa ya ɗauki ɗumi, na share tokar, na saka shi cikin jerin. Inna ta ɗauka ta manna, ta daɗe fiye da yadda ta saba. Ta buɗe ido ta ce, "Yaushe kika gina wannan?" Na ce, "Ya fi mako." Ta ce, "To." Ta ɗora shi a tsakiya, kusa da randunan Iya Tabawa.

Da wuta ta kama, kowa ya ja da baya, ni kuwa na matsa kusa ina leƙen nawa ta tsakanin kara. Ƙarar da na ji ba ta fi ta gora idan ta tsage ba. Wani tsingaro ya fito ya same ni a baki. Wannan shi ne asalin haƙorina na gaba da kika taso kika gani a karye, ya yi duhu. Ba faɗuwa na yi a bakin rijiya ba, kamar yadda na bar ku kuka ɗauka.

Da safe aka buɗe toka, randuna biyu na Iya Tabawa sun dare, aikin da ta yi makonni tana yi. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta zaɓi mafi kyau cikin nata ta kai mata har gida. Da ta dawo ta same ni da kumburarren leɓe, ta duba bakin, ta ce, "Hauwa, shekara talatin kumatuna ba su yi mini ƙarya ba. Jiya ma sun so su faɗa mini gaskiya, na fifita maganarki a kan tasu." Sai kuma ta ƙara, tana murmushi, "Amma ginin ya yi kyau. Wuyansa kamar na 'yan birni." Na fi son a ce duka ta yi mini.

Ga abin da nake so ki ɗauka daga nan. Mai sayarwa zai kawo miki tanderu ya ɗumama bayansa. Ba ina nufin maƙaryaci ne ba, Allah ya tsare ni da zargin wanda ban sani ba, amma kowa kyakkyawan gefen kayansa yake juyowa ga mai saye. Zai nuna miki haƙoran da aka gasa a wata ƙasa, suna sheƙi a cikin akwatin gilashi. Ki yaba, sannan ki buɗe jakarki. Na ga kin sassaƙa haƙoran kaki guda shida kin naɗe su a auduga, kuma na ji kina gaya wa mahaifinki kina jin nauyin ki ce a gwada da naki, kada a ɗauka raini ne. Kada ki ji nauyi. Ki ce a kunna a gabanki, da kakinki, da hannunki. Ki sa mafi sirantar gefe a cikinsu, wanda kika ce shi ne mai wuyar cika. Idan ya fito, kada ki tsaya ga kallo, ki ɗora shi a kan awon bakin da kika tafi da shi, wato siffar haƙoran mai shi, ki ga ko ya zauna daram. Kuma kada ki yarda da gwaji ɗaya. Ki sake, ki kuma sakewa, domin tanderun da zai yi miki aiki daga safe zuwa la'asar kike nema.

Wani abu da kika faɗa ya tsaya mini a rai. Kin ce tanderu yana da fuska inda yake rubuta yawan zafinsa, kuma wani lokaci abin da ya rubuta daban, abin da ke cikinsa daban. Da na ji haka na ce a raina, ashe har ƙarfe yana iya yin abin da na yi wa Inna. Ki tambaya yadda ake auna gaskiyar zafin cikinsa, da wa zai auna, da sau nawa, kuma ki sa a koya miki ki iya da kanki. Wanda kika fi nuna mana hotonsa, mai faffaɗar fuska kamar talabijin, wanda aka ce ya fi sauran sauri, ban ce ki ƙi shi ba. Cewa na yi sauri ba shi ne tambayar farko ba. Ni saurin mako ɗaya na nema.

Kuskurena na biyu kin san shi, domin kin girma kina ɗauko littafi daga cikinsa. Shekarar da muka tare a Sabon Gari na dage sai an sayo firij babba, in riƙa yin ƙanƙara da zoɓo. Na zaɓi mafi tsawo a shagon, ban tambayi kowa irin wutar da yake bukata ba. Wutar unguwarmu kuwa kin san ta, idan ta zo ma kamar mai jinya take zuwa. Ya yi wata biyu yana gurnani, wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, ya yi shiru har yau. Mahaifinki ya kwashe littattafansa ya jera a ciki saboda gara. Har gobe idan baƙo ya zo sai ya ce, "A duk Wudil, Malama ce kaɗai ta saya wa ilimi firij." Shekara ashirin yana wannan magana, kuma ban taɓa ba shi dariyar da yake nema ba, ko da yake tana zuwa mini har maƙogwaro.

Saboda haka ki tambayi masu tanderun nan tambayar da ban yi ba. Idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar danna tangaran, me zai faru? Zai jira janareta ya tashi ya ci gaba daga inda ya tsaya, ko aikin ya lalace ke nan? Janaretan asibitinku zai ɗauke shi tare da famfonsa mai zuƙe iska da ɗaya tanderun na narkar da kaki, duka a lokaci guda? Wace na'ura za a haɗa masa ta kare shi ranar da wuta ta zo da hauka? Waɗanda suka ƙera shi ba su san ana ɗauke wuta ba, ke kuwa kin sani. Idan mai shagon ya ce, "Ba matsala, Hajiya," ki ce masa cikin ladabi ya zare wayar daga bango a gabanki ku gani tare.

Akwai kuma keken ɗinkin da na sayo a hannun wata mai dawowa daga Umara, wanda allurarsa ta karye aka rasa irinta daga nan har Kantin Kwari. Ba zan tsawaita a kansa ba, kin san a kansa muke shanya barkono. Ki dai tabbata akwai mai gyara a Kano, mutum mai suna da shago, wanda za ki iya zuwa ki gaishe shi tun kafin ki bukace shi. Ki tabbata dunƙulen tangaran da kwaɓin da ake samu a kusa da ku suna shiga cikinsa, kada ki sayi wanda ba ya cin abincin kowa sai na gidansu. Batun kuma ko ki ɗauki mai dannawa kawai, ko mai haɗawa da gashin ƙyalli na ƙarshe, wannan ke da likita kuka san yawan aikinku. Abin da na sani daga Inna shi ne ba ta taɓa tara itacen randa goma don gasa kasko uku ba. Ki yi istihara bayan kin gama bincike, kada ki yi ta a madadin bincike. Na sha yin haka, ina kiran kasalata tawakkali.

Yanzu na zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wanda na yi ta kewaye shi tun daga shafin farko.

Daga ranar da shantalin nan ya fashe ban sake taɓa yumɓu ba. Na ce wa mutane karatu na zaɓa, kuma gaskiya ne na yi karatun, na koyar da matan aure a Islamiyya shekaru masu yawa, alhamdu lillahi. Amma na koyi magana leɓe a rufe, na koyi haɗiye dariya don kada a ga haƙorin. Mutane suka ga haka suka ce Malama Hauwa mai kamun kai ce, ba ta wasa, tsoron Allah ya cika mata zuciya. Na ji ana faɗa, ban gyara musu ba. Na karɓi yabon da ba nawa ba na yafa shi kamar mayafi. Ina tambayar kaina yanzu, cikin shirun nan nawa, nawa ne don Allah, nawa ne don giɓin haƙori? Ban san amsar duka ba, kuma ina neman gafararsa a kan abin da na sani da wanda ban sani ba.

Ke ma kin sha daga wannan. Kina ƙarama kika dawo daga bakin kogi da laka a siket, kin gina 'yan tukwane kin jera a kan dakali, na rushe su da tsintsiya na ce ƙazanta ce. Da kika ce fasahar ƙera haƙori za ki karanta, na yi kwana biyu ban amsa miki ba, ina ganin me ya sa ba likita ba. Ashe hannun Inna ne ya tsallake ni ya sauka a kanki, ni kuwa ina tsaye a hanya ina kore shi. Ki yafe mini. Idan Allah ya ba ki 'ya'ya, abin da kika ga hannunsu yana nema, ki tsaya ki duba kafin ki share.

Makon jiya, muna tsince shinkafa, kika ce mini a hankali, "Mama, idan tanderun ya iso, haƙorinki nake so ya fara fitowa daga ciki. Likita ta ce gindin yana da ƙarfi, za ta gyara shi, ni kuma in yi masa hula." Na ce miki, "Abin da Allah ya rage, ba ke za ki cika ba." Na ga yadda hannunki ya tsaya a cikin faranti. Wannan magana ba daidai ba ce, kuma na san ba daidai ba ce tun tana bakina. Ni da kaina na sha gaya wa ɗalibaina cewa gyaran abin da ya lalace a jiki magani ne, ba canza halitta ba. Kuma ba haka aka halicce ni ba, ni na kai bakina gaban wuta. Tsoro ne ya yi magana, na sa masa rawani.

Jiya na gaya wa mahaifinki labarin shantalin, karo na farko. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malama, ai Inna ta ba ni wannan labari tun ina zuwa zance. Ta ce in kula, 'yarta ta iya ɗumama abu." Na ce, "Shekara talatin ka sani ka yi shiru?" Ya ce, "Ina jira ki huce ne." Ummi, dariya ta ƙwace mini, ban ko kai hannu baki ba, har ƙanwarki ta leƙo daga ɗaki tana tambaya ko lafiya. Kina kasuwa lokacin, na yi baƙin cikin ba ki gani ba.

To, na janye maganata. Na karɓi kyautarki. Ki gaya wa likita ina nan zuwa Kano ranar da kuka sa, zan hau kujerar nan in buɗe baki yadda aka ce. Sharaɗina ɗaya ne: kada ki yi mini fari tas irin na 'yan fim. Ki duba launin 'yan'uwansa, waɗanda suka sha shayi da kunun tsamiya shekara hamsin, ki yi masa irin nasu, ya shiga cikinsu ba tare da ya yi musu girman kai ba.

Kin ga ke nan zaɓin nan ya shafe ni. Idan kin tsaya a shagon nan, mai kaya yana zuba bayani, zuciyarki tana cewa ki amsa don kada ki ɓata masa lokaci, ki tuna abin da zai fara fitowa daga tanderun a bakin mahaifiyarki zai zauna. Bayan nawa kuma, kowane haƙori da za ki gasa na mahaifiyar wani ne ko na ɗan wani. Ki manna kumatunki da kyau, kuma idan suka gaya miki akwai sanyi, ki yarda da su ko wa ya ce miki ya bushe.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko a tasha ce. Ki gaishe da Gwaggonki Rabi, ki taya ta aikin gida kada ki zame mata baƙuwa. Ki gaishe da likita, ki ce na gode da ta ga abin da na daɗe ban gani ba. Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na ƙarfe da na wuta, ya yi miki zaɓin alheri, ya sa albarka a hannunki. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta.

Mahaifinki ya ce in rubuta miki cewa ya tanadi labarin firij, zai sake ba da shi ranar da na dawo daga Kano, kuma a wannan karon yana so a biya shi dariyarsa gaba ɗaya. Na ce masa ya jira tanderu.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Hauwa'u